Watannin Danshi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Sati uku da dawowar Yaya daga Alƙahira, Inna ta aiko mata da tuwon shinkafa da miyar kuka, man shanu na kwance a kai. A gidanmu nan Birnin Kebbi da akushi ake gaida mara lafiya, kuma girman akushin shi ke nuna girman ƙauna. Yaya ta buɗe, ta shaƙi ƙamshin, ta mayar ta rufe. Abin da tumbinta ke iya ɗauka a lokacin bai wuce cokali huɗu na dafaffen kifi da aka murje ba. Da la'asar Inna ta zo da kanta, ta tarar da tuwonta yadda ta aiko shi, ta zauna bakin gado ta ce, "Ke ɗiyar ga, kuɗɗi kinka kai anka cire maki ci?"

Ni na yi jinyar Yaya tun daga wancan sati har shekara ta zagayo. Aikin da aka yi mata bai kai awa biyu ba. Amma abin da zai zama makomar aikin, a watannin da suka biyo baya aka yanke shi, a tsakar gida, inda babu likita babu nas, sai mu da tukunyarmu da bakin 'yan gaisuwa. Mutanenmu suna ƙara zuwa Masar da Indiya da Turkiyya, wasu Legas ko Abuja, don wannan tiyata. Ana tara kuɗin jirgi da na asibiti, har a sayar da fili, amma ba kasafai ake shirya wa ranar dawowa ba.

Akwai buƙatar a fara sanin me wuƙar likita ta taɓa. Aikin da aka fi yi yanzu a duniya shi ne wanda ake kira silib: a yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siririn abu mai kamar ayaba. Ɗayan shi ne baifas, kuma sunan ya dace da shi, don kamar titin da ke kewaye gari yake: a keɓe 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita a jami'ar Ayowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara yin baifas don rage ƙiba a wajen 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda gyambon ciki suna ramewa.

Shekara da shekaru an ɗauka sirrin aikin shi ne ƙanƙantar da mazubi kawai. Daga baya aka gano abin ya fi haka zurfi. A 1999 masu bincike a Japan suka gano wani sinadari mai suna girelin, wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa, kuma yawancinsa a saman tumbi ake yin sa, daidai wurin da ake cirewa a aikin silib. A ɓangaren hanji kuma, bayan tiyata wani sinadari mai suna GLP-1 yana ƙaruwa, shi ne mai sa mutum ya ji ya ƙoshi, ya kuma taimaka wajen daidaita suga a jini. Shi alluran ciwon suga da rage ƙiba irin su Ozempic ke kwaikwayo. Wannan ne ya sa wani mai ciwon suga zai ga sugarsa ta sauka cikin 'yan kwanaki bayan aiki, tun bai rage kilo biyar ba. Yaya ta taɓa ce mini, tun tana budurwa ba ta taɓa wuni ba tare da tunanin abinci ba sai bayan tiyata. Ta ce kamar an kashe wata rediyo da ke kunne a kanta shekara ashirin.

Wannan shirun ba ya dawwama, kuma a kansa duk maganar ta rataya. Mai noman fadama a gefen Gulbin Kebbi ya san idan ruwa ya janye, ƙasa na riƙe danshi na ɗan lokaci. Wanda ya shuka a cikinsa ya ci moriya ba tare da ban ruwa mai yawa ba, wanda ya tsaya kallo ya tarar da ƙasa ta tsage. Watanni shida na farko nauyi na zuba da sauri. Daga nan ya rage gudu, kuma tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu yakan kai iyakarsa. A wannan tsakanin tumbi ya ɗan saki, yunwa ta fara leƙowa, jikin da ya ragu kuma ba ya ƙona abinci kamar da. Wani babban bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi mutum fiye da 4,000, ya nuna waɗanda aka yi wa baifas sun rage kimanin kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma bayan shekara 10 ragin ya tsaya a kashi 25. Mai kilo 120 ke nan ya sauko wajen 82, daga baya ya daidaita a 90. Har yanzu babbar nasara ce, kuma binciken ya nuna mace-mace sun ragu a cikin waɗanda aka yi wa aikin. Sai dai wannan matsakaici ne. A cikinsa akwai wanda ya riƙe kusan duk abin da ya samu, akwai wanda rabin ƙibarsa ta dawo.

Abin da ya fi ba ni tsoro a watannin farko shi ne sikeli. Komai mutum ya yi, lamba sauka take. Wadda ke shan kunun zaƙi safe da yamma za ta ga kilo na zuba, wadda ke kiyayewa ita ma haka, sai ta farkon ta ɗauka hanyarta daidai ce. Ga shi tiyata ba ta tare abu mai ruwa-ruwa. Fura da nono da aka zuba wa suga, kunun aya, zoɓo, shayi mai madarar gwangwani, lemon kwalba, duk sulɓewa suke su wuce, ba su cika tumbi ba balle su sa ƙoshi. Haka cincin da biskit, narkewa suke a baki. Mutum na iya kasa cin loma biyar ta tuwo amma ya wuni yana ɗan kurɓa yana ɗan tsakura, kafin dare ya shigar da abin da ya kusa na da. A wata na uku babu wanda zai gane. A wata na goma sha biyar kowa zai gani.

Masu baifas musamman, jiki kan yi musu gargaɗi da kansa. Idan zaƙi ya afka hanji a lokaci guda, cikin rabin awa sai gumi, bugun zuciya, jiri, murɗar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sugar jininsa ta faɗi, jiki ya hau rawa. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya yakan kiyaye. Masu silib da yawa ba sa samun wannan gargaɗin, don haka su ne suka fi buƙatar su zama masu gadin kansu.

Sai batun abin da ake zubawa a ɗan wurin da ya rage. Likitoci sun daidaita a kan cewa aƙalla giram 60 na furotin ake so a rana, wato abincin da ke gina tsoka. Dalili kuwa, jikin da ke rama da sauri ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsokarsa yake ci idan ba a ba shi abin da zai kare ta ba. Tsoka kuma tana ƙona abinci ko mutum na zaune. Wanda ya bari ta zube ya rage wa kansa wutar murhu, kuma ranar da yunwa ta dawo, ƙiba za ta samu ƙofa a buɗe.

A nan tsarin cinmu yake karo da tsarin tiyata. Kwanonmu tuwo ne tudu guda, miya a gefe, nama yanka ɗaya ko biyu a ƙarshe kamar tukuici. Wanda aka yi wa aiki dole ya juya kwanon: nama ko kifi ko ƙwai da farko, ganye na biye, tuwo in wuri ya rage. Ƙwai ɗaya na da kimanin giram 6. Kifi mai nauyin giram 100 na da wajen 20. Kofin madara na da wajen 8. Idan aka lissafa za a ga giram 60 aiki ne ga wanda ke ƙoshi da cokali biyar, sai an raba shi gida biyar ko shida a wuni. Allah ya rufa mana asiri a Kebbi, abin ba sai an aiko daga waje ba. Kifin Yawuri da na Argungu yana kasuwa, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, kuma farfesun kifi na cikin abubuwan da sabon tumbi ya fi karɓa. Ga kindirmo marar suga daga rugage, ga alale, ga awara idan an dafa ta a miya maimakon suya, ga zogale. Mu garin madara muke ƙara wa kunun gyaɗa marar suga don ya yi nauyi. Kilishi da tsire kuwa, duk da nama ne zalla, busassu ne masu tauri, suna tsayawa a ƙirji su jawo amai, sai an kwana biyu ake gwada su. Shinkafa da burodi da tuwo su ma suna cikin masu wahalar wucewa da farko, abin da ke da ciwo ga ɗan jihar da shinkafa ce abin alfaharinta.

Ana bin matakai: ruwa-ruwa kamar sati biyu, sannan abin da aka niƙa ko aka murje, sannan mai laushi, kafin a kai ga abinci sosai wajen sati shida zuwa takwas. Kowane likita da tsarinsa, nasa za a bi. Gaggawa a nan na iya taɓa ɗinkin da bai warke ba. Wajen sati na uku kuma sikeli kan tsaya cak na wasu kwanaki. Yaya ta yi kuka a kan wannan, ta ce kuɗinta sun tafi a banza. Jiki ne ke daidaita ruwansa, ya kuwa ci gaba da sauka.

Ruwa shi ne abin da ya kusa kayar da mu. Ana so a sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, da kurɓi-kurɓi, kuma ba a haɗa shi da abinci, sai an jira kamar rabin awa bayan ci. Mu kuwa mun saba a cika moɗa a kafa kai, a kuma kora kowace loma. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, mutumin da ba ya iya shan rabin kofi a zama ɗaya yana bushewa bai sani ba. Ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilan da ke mayar da masu wannan tiyata gadon asibiti a watan farko. Fitsari ya yi ja, kai ya yi ciwo, a miƙe a ji jiri, to an makara da sha. Gora biyu muka ware mata, muka ja layi a jikinsu, kowane layi da lokacin sallarsa.

Wannan ya kawo mu ga azumi, kuma a 'yan shekarun nan Ramadan na faɗowa ne a bakin shigar zafi. Tsakanin magariba da asuba, tumbi mai cin cokali biyar ba zai iya ɗaukar ruwan wuni da furotin ɗin wuni da magunguna ba, ga shi ba a haɗa ci da sha. Buɗa-baki da dabino da kunu mai zaƙi a kan cikin da ya wuni fayau kuma shi ne ainihin abin da ke jawo gumi da jirin nan. Shi ya sa likitoci kan hana azumi a watannin farko. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya rama a wasu kwanaki. Na ga yadda abin ya yi wa Yaya nauyi, tana ganin kanta a tsaye da ƙafafunta ana kiranta mara lafiya. Sai da mijinta ya kai maganar gaban malami tare da bayanin likita sannan hankalinta ya kwanta. Wanda bai riga ya yi aikin ba, ya dubi kalanda kafin ya tsayar da rana.

Motsa jiki ba ya buƙatar dogon bayani. Tafiya tun ranar farko, a ƙara kullum. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Daka da jan ruwa a rijiya da ɗaukar kaya a bar su sai an yi sati huɗu zuwa shida, bayan haka kuwa ana son abin da zai sa tsoka aiki, ko da ɗaga gorar ruwa ne da tashi-zauna.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne nisan likita. Wanda ya yi aikin yana wata ƙasa. An kwana biyar ko bakwai an sallami mutum, ya hau jirgi, ya sauka Abuja ko Kano, ya kama doguwar hanyar mota. Dogon zama irin wannan bayan tiyata na iya sa jini ya daskare a ƙafa, ya tafi huhu. Sannan an iso gida, inda kowane zazzaɓi sunansa maleriya, maganinsa kuma yana kemis ɗin bakin layi. Amma a satuttukan farko, zazzaɓi tare da bugun zuciya da ya haura 120 a minti, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciwo a kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, na iya nufin ɗinki ya yi yoyo a ciki. Wannan na asibiti ne a daren, wurin da ke da likitan tiyata. Wanda zai tafi waje, tun kafin ya tafi ya nemi likita a nan gida, ko a asibitin Sir Yahaya ko a babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya gaya masa abin da zai je yi. Ya kuma dawo da rahoton aikin a rubuce da Turanci. Takardunmu rabinsu da Larabci suka zo, muka sha wahala kafin likitan da ya duba ta ya san takamaiman abin da aka yanke.

Akwai wasu abubuwa da duk mai jinya ya kamata ya haddace. Aman da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki ba a jiransa, don ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta sati biyu zuwa uku, kuma idan ta ƙare tana taɓa ƙwaƙwalwa da idanu da tafiya, wani lokaci ba a dawowa daidai. Idan za a yi wa irin wannan mutum ƙarin ruwa mai suga, a gaya wa ma'aikacin lafiya an yi masa tiyatar tumbi, don a ba shi B1 tukuna. Magungunan ciwon jiki da muke sha kamar gyaɗa, su ibufurofen da daikulofenak, suna haddasa gyambo a wurin haɗin, musamman ga masu baifas. Farasitamol ya fi aminci. Sigari da shisha su ma haka suke ci wa ɗinki. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kuma ya koma a rage masa, don adadin da ya dace da kilo 120 zai iya kayar da mai kilo 95. Saurin rama na kawo tsakuwa a matsarmama, wasu likitoci kan ba da maganin kariya na wata shida.

Bitamin kuwa har ƙarshen rayuwa ne, kuma nan ne mutanenmu suka fi sakaci, don rashinsu ba ya ihu. Hanta na ajiye B12 na shekaru, sai mutum ya daina sha ya ga lafiya lau, bayan shekara biyu ko uku ƙafafu su fara mutuwa, mantuwa ta shigo. Mata masu al'ada jininsu kan yi ƙasa. Maganin ƙarin jini ba a shan sa da shayi, ba a kuma haɗa shi da na ƙashi, a raba su da awa biyu. Gwajin jini a wata na 3 da na 6 da na 12, daga nan kowace shekara. Kuɗi ne, kuma ya kamata a sa su cikin lissafi tun ranar da ake lissafin tikiti.

Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda a manna a bango. Abin da ba ya mannuwa shi ne bakin mutane. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, har 'yan mata na shan sha-ka-fashe don su cika ido. Mace ta zube kilo 30 cikin wata biyar, me kuke tsammani za a ce? An ce ciwon suga ne ya ci ta. An ce mijin ne ba ya riƙe ta da kyau. An yi ta raɗe-raɗin cutar da ba a faɗa. Wata goggonmu ta zo da rubutu da turare, ta ce sammu ne. Tsakanin wata na uku da na shida gashi ya fara zuba, abin da ke faruwa ga da yawa kuma yakan dawo, sai maganar ta ƙara ƙarfi. A gidan biki da suna, ƙin cin abinci raini ne. Na ga Yaya ta tura lomar da ta san za ta amayar, don kada uwar amarya ta ji haushi.

Shawarata, ba sai an yi shela ba, amma a cikin gida kada a ɓoye. Wadda ke girki ta sani, miji ko mata su sani, uwa ta sani. A waje kuwa kalma uku sun isa: likita ya hana. Bahaushe na girmama wannan. A kuma sa ido a kan zuciyar mai jinya. Wanda abinci ne abokin hirarsa a lokacin damuwa, an raba shi da abokin nan a dare ɗaya, wasu kan shiga ƙunci mai nauyi a daidai lokacin da kowa ke ce musu barka.

Mata da yawa haihuwa ce ta kai su ga tiyatar, don ƙiba na rikita al'ada ta hana ɗaukar ciki. Da nauyi ya fara sauka, ciki kan zo da wuri, ga wadda ta shekara goma tana nema. Amma jikin da ke rama yana fama da ƙarancin abinci ba wurin renon ɗan tayi ba ne, shi ya sa ake cewa a jira wata 12 zuwa 18. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba ta da tabbas bayan baifas, sai a nemi wata hanyar a asibiti. Magana ce mai wuya a gidan da dangin miji ke ƙirga watanni, kuma mijin ne ya kamata ya tsaya a gaba ya tare ta.

Yunwa ta dawo wa Yaya a wata na goma, wani dare bayan isha'i. Ta kira ni a waya muryarta na rawa, ta ce rediyon nan ta kunnu. Na tambaye ta me ta yi. Ta ce ta duba gorarta ta ga saura layi ɗaya, ta sha, ta jira, da abin bai tafi ba ta dafa ƙwai. Inna har gobe ba ta yarda cewa wannan ci ne ba, amma ta daina aiko akushi. Ranar Juma'a farfesun tarwaɗa take aikowa a ɗan ƙaramin kwanon sha, ta ce wa ɗan aiken ya tsaya har sai ya ga an cinye.